Yadda ake zaɓen ƙaramin jirgin ƙari don simuletar gida

Duk wanda ya kafa simuletar tuƙin jirgi a ɗakinsa, a Nima yake ko Mamobi ko Madina, ba ya daɗewa kafin ya fara leƙa kantunan intanet inda ake sayar da jiragen ƙari, wato jiragen da ake saya daban a ƙara a kan waɗanda suka zo da wasan. Hotunan tallan suna da ɗaukar ido, fenti na sheƙi, kujerun fata har da ɗinkinsu. Kuɗin kuwa da dala ake biya, ko yuro, ko fam na Ingila, kuma mafi yawan kantunan ba sa mayar da kuɗi da zarar ka sauke jirgin. Ga wanda yake samun sidi, saye ɗaya da bai dace ba asara ce mai zafi. Jirgin da ya dace shi ne wanda kwamfutarka za ta iya ɗauka, kayan da ke hannunka za su iya sarrafawa, sannan halinsa a sama ya yi daidai da lambobin da ke cikin littafin jirgin na gaske. Ga yadda ake bi.

Fara da tantance simuletarka, har da lambar shekararta

Jirgin da aka ƙera don X-Plane ba ya aiki a Microsoft Flight Simulator, haka ma akasin haka. Ko a gida ɗaya ma akwai bambanci. Microsoft Flight Simulator na 2020 ya fito a watan Agusta na shekarar, na 2024 kuma a watan Nuwamba 2024. Jirage da yawa na 2020 suna buɗewa a na 2024, amma buɗewa daban, aiki lafiya daban: wani zai tashi amma fitilun kokfit, wato mazaunin matuƙi, su ƙi kamawa, wani sautin injinsa ya ɓace. X-Plane 12, wanda ya fito a ƙarshen 2022, ya sauya lissafin iska da na haske, saboda haka jirgin X-Plane 11 da ba a sabunta ba yakan yi wani irin hali a cikinsa. Ka karanta shafin sayarwa har ƙasa, ka ga an rubuta sunan simuletarka da shekararta ƙarara. In ba a rubuta ba, ɗauka ba ya aiki.

Mai Xbox kuma ba shi da zaɓi sai abin da ke cikin Marketplace, kantin da ke cikin Microsoft Flight Simulator kansa. Kantunan waje irin su Just Flight, simMarket, Orbx da shafin Flightsim.to na masu kwamfuta ne. Kar ka biya kuɗi a can alhali a Xbox kake.

Ka gaji da na kyauta tukuna

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi tsare aljihu. Microsoft Flight Simulator na 2020 ya zo da Cessna 152, Cessna 172 mai allon G1000, Diamond DA40 NG, XCub da Bonanza G36. X-Plane 12 ya zo da Cessna 172, Cirrus SR22, Piper Super Cub da Baron 58. Ka ɗauki ɗaya, 152 ko 172, ka zauna a kansa har ka iya tashi, ka zagaya filin jirgi a tsayin ƙafa 1,000 sama da ƙasa, ka sauka a tsakiyar titi ba tare da jirgin ya yi tsalle ba. Kana cikin haka za ka fara jin abin da ya rage maka. Wataƙila injin ba ya nuna komai ko ka wulaƙanta shi. Wataƙila maɓallai da yawa a kokfit zane ne kawai. Wataƙila kana so ka yi tafiya mai nisa, jirgin kuma ya yi maka nawa. Abin da ka rasa ɗin nan, rubuta shi a takarda, domin shi za ka je saye. Wanda bai iya faɗin abin da ya rasa ba, lokacin sayensa bai yi ba.

Akwai kuma gyare-gyaren kyauta da masu sha'awa suka yi, kamar Cessna 152 ta JPLogistics, wadda ta ƙara wa ta asali zurfi sosai. Gwada irinsu ba ya cin komai sai data.

Kirga abin da hannunka da ƙafarka suke da shi

Ƙananan jirage sun kasu gwargwadon yawan abin da matuƙi yake sarrafawa, kuma kowane ƙarin liba a kokfit yana buƙatar wani abu a kan teburinka.

Mafi sauƙi shi ne jirgi mai tayoyin da ba sa naɗewa da farfela mai tsayayyen kusurwa: Cessna 152, Cessna 172, Piper Warrior II, Piper Tomahawk. Liba biyu gare su, baƙa ta totur da ja ta cakuɗin mai da iska. Sandar tuƙi guda mai murɗawa, irin Logitech Extreme 3D Pro ko Thrustmaster T.16000M, ta wadatar. Totur yana jikinta, murɗawar tana juya jela, jar libar kuma ka ɗora ta a kan maɓallai biyu.

Mataki na gaba shi ne jirgi mai naɗe tayoyi da farfelar da ake sauya wa kusurwa, kamar Piper Arrow III mai ƙarfin doki 200 ko Comanche mai 250. Nan liba ta zama uku, an ƙara shuɗiya ta farfela, ga maɓallin tayoyi, ga agogon matsin iskar injin da dole ka riƙa dubawa tare da na RPM, wato yawan juyawar inji a minti. Ana iya tuƙa su da sanda da linzamin kwamfuta, amma a daidai lokacin sauka, da hannu ɗaya a sanda, ɗaya yana lalube da linzami a kan allo, daɗin ya tafi. Irin waɗannan suna son akwatin liba uku, kamar wanda ke zuwa da sitiyarin Logitech, ko Honeycomb Bravo in aljihu ya kai.

Jirgi mai ƙaramar taya a jela, kamar Cub, yana buƙatar fedar ƙafa. Nauyinsa yana bayan manyan tayoyin, don haka da zarar ya fara karkacewa a ƙasa, jelar tana neman ta wuce gaba, sai ka ga ya yi juyi a kan titi. Murɗa sanda ba ta da laushin da za ta tare wannan a kan lokaci. In ba ka da feda, ajiye shi zuwa gaba. Haka ma jirgi mai inji biyu: darajarsa tana cikin koyon abin da ake yi idan inji ɗaya ya mutu, kuma ba a koyon wannan da totur guda.

Diamond DA40 NG ya fita daban. Injinsa Austro ne mai shan Jet-A, kwamfuta ke lissafa masa mai da farfela, liba ɗaya tak gare shi. Ya dace da mai sanda guda da ke son jirgi na zamani, sai dai ba zai koya maka sarrafa cakuɗin mai ba.

Kayan tuƙin nan ba su cika samuwa a shagunan Circle da ke Accra ba, galibi sai an yi oda ko an samu na hannu. In na hannu ne, kar ka biya sai an jona shi a kwamfuta a gabanka. Buɗe joy.cpl a Windows, ka motsa kowane ɓangare a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, sannan ka saki. Alamar ta koma tsakiya ta tsaya cak. In tana rawa ita kaɗai, na'urar auna motsin ta cinye ko ƙura ta shige ta, kuma ƙurar hunturu tana saurin yin wannan. T.16000M yana amfani da maganaɗisu a manyan motsinsa biyu, shi ya sa ya fi jurewa.

Abin da kwamfutar za ta iya ɗauka

Mafi ƙarancin abin da Microsoft ya gindaya wa na 2024 shi ne RAM na 16 GB, ya kuma ba da shawarar 32. Na 2020 da X-Plane 12 suna buɗewa da 8, amma 16 ne ake samun sukuni. Jirgin ƙari mai zurfi yana ɗora wa na'urar nauyi a kan wannan: hotunan jikinsa suna cin ƙwaƙwalwar katin garafik, lissafin injinsa da allunansa kuma suna cin furosesa.

Auna kafin ka saya. Kunna ma'aunin FPS, wato yawan hotunan da allo ke nunawa a daƙiƙa, ka ajiye jirgin da ya zo da wasan a bakin titi na 21 a filin jirgin Accra, wanda lambarsa DGAA, da rana, da gajimare jefi-jefi. In kana samun 40 ko sama, kana da sarari. In 30 kake samu, nemi jirgi mai agogunan allura, domin allunan gilashi irin G1000 ko GTN 750 sun fi nauyi. In ƙasa da 25 ne, kuɗin ya fi amfani a RAM ko katin garafik. A X-Plane abin ya fi tsanani, domin in FPS ya faɗi ƙasa da 20, wasan yana rage gudun lokaci da kansa, sai jirgin ya ɗauki tsawon lokaci kafin ya isa inda lissafi ya ce.

Sai batun intanet da wuta, wanda mu ne muka san shi. Na 2024 yana jawo duniyarsa daga intanet kana cikin tashi, mafi ƙarancin gudun da ake so shi ne 10 Mbps, kuma yana shan data ba kaɗan ba. X-Plane yana ajiye taswirarsa a cikin kwamfutar. Wanda yake dogaro da bandir na waya ya auna wannan da kyau. Wasu jiragen ƙari suna neman intanet sau ɗaya kawai, lokacin shigar da lambar lasisi. Ka tabbata ba irin mai neman layi kullum ka ɗauko ba. Girman jirgi ɗaya yakan kama daga ɗaruruwan MB zuwa GB biyu ko uku, kuma wasu kantunan sai ka sake sauke shi gaba ɗaya duk lokacin da aka sabunta. Dumso kuma, wato ɗauke wuta, in ya faɗo ana tsakiyar shigar da jirgi yana iya lalata fayilolin. Ƙaramin UPS da zai riƙe na'urar minti goma ya isa ka rufe komai lafiya.

Zurfi nawa kake so

Jiragen ƙari ba darajarsu ɗaya ba ko da sunan jirgin ɗaya ne. Akwai masu kyan jiki waɗanda a ciki tsarin wasan na asali suke amfani da shi. Ba laifi ba ne in yawon buɗe ido kake so, ka bi gaɓar teku daga Accra zuwa Takoradi kana kallon Cape Coast da Elmina. Akwai kuma waɗanda aka rubuta wa injinsu lissafi na musamman, jirgin ya riƙa tuna yadda ka bar shi jiya. Comanche 250 ta A2A Simulations, wadda ta fito wa Microsoft Flight Simulator a 2023 a kan kusan dala 50, ita ce misalin da aka fi ambata: kana zagaya jirgin kafin tashi, ka duba man inji, ka tsiyayi fetur ka ga ko da ruwa, kuma in ka bar injin yana aiki a hankali da jar liba a cike, fulogi ya yi baƙi, injin ya fara gargada. A X-Plane, Reality Expansion Pack na SimCoders yana ƙara irin wannan a kan wasu jirage, Cessna 172 ta Airfoillabs ma haka take. Piper na Just Flight suna tsakiya, kokfit mai aiki sosai, ba tare da sun matsa wa mai koyo ba.

A ganinmu, jirgi na farko da mutum zai saya ya kasance mai sauƙin sarrafawa amma mai zurfin inji. Warrior ko 172 da aka gina da gaskiya ta fi jirgi mai inji biyu da aka gina don hoto. Dalili kuwa, a ƙaramin jirgi komai yana faruwa a hankali, kana da lokacin ganin sanadi da sakamako.

Wani bambanci da ya kamata ka sani shi ne na fiffike. Cessna fiffikenta a sama yake, fetur yana gangarowa da kansa, kuma maɓallin tanki yana da matsayin da ke shan duka biyun tare. Ana ganin ƙasa sosai. Piper irin Warrior ko Arrow fiffikenta a ƙasa yake, tana da famfon fetur na lantarki da ake kunnawa lokacin tashi da sauka, kuma tankin hagu ko na dama kawai take sha. Dole ka riƙa sauyawa, kamar kowane rabin awa. Wanda ya manta, jirgin zai fara karkata gefe ɗaya, daga baya injin ya mutu alhali ɗaya tankin cike yake.

Agogunan allura ko allon gilashi? Mai niyyar shiga makarantar tuƙi wata rana ya fara da allura shida na gargajiya, domin su ke koya wa ido zagayawa. Gilashi yana da sauƙin koyo daga baya.

Binciken shafin sayarwa

Nemi littafin jirgin kafin ka saya; kamfanoni masu mutunci suna barin a sauke shi kyauta. Littafi mai shafuka da dama, da jadawalin tashi da na shan mai da jerin abubuwan dubawa, alama ce mai kyau. Shafi huɗu na yadda ake shigarwa kawai yana gaya maka abin da za ka tarar. Duba tarihin sabuntawa: yaushe aka yi gyara na ƙarshe, kuma an yi shi bayan babban sabuntawar simuletar na baya-bayan nan? Jirgin da maƙerinsa ya watsar, ranar da wasan ya sauya wani abu, shi ke nan.

Bidiyon talla ba shaida ba ne. Nemi bidiyon wanda ya tayar da injin daga sanyi, ya tashi, ya sauka, ba tare da yanke-yanke ba, kuma ka saurari sautin da abin kunne. Sautin inji ya sauya idan an ja jar liba, ya sauya idan an buɗe taga. Duba kuma ko sai an sayi wani abu daban kafin ya cika. Wasu jiragen suna nuna GTN 750 a hoto, alhali na'urar ta wani kamfani ce da kuɗinta daban. Wasu kuma gyara ne a kan jirgin da ke cikin bugun Deluxe kaɗai, in ba ka da shi ba za su yi aiki ba.

Wajen biya, katin Visa ko Mastercard da bankinka ya buɗe wa sayayyar waje kake buƙata. Banki zai yi canji a farashinsa ya ƙara lada, don haka bar rara a asusun. Ka cika ƙasarka daidai a shafin, domin wasu kantunan Turai suna nuna farashi da harajinsu a ciki. Rangwame mafi girma yana zuwa a ƙarshen Nuwamba da ƙarshen shekara. Jiragen sata da ake rabawa a waya kuwa, ban da haƙƙin mai shi da ke kanka, ba sa karɓar sabuntawa, kuma ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta suke shigowa.

Shigarwa

Abin da aka saya a Marketplace yana shigar da kansa. Na waje yana zuwa ko da manhajar shigarwa ko a ƙunshe cikin zip. A Microsoft Flight Simulator, inda ake zuba shi shi ne foldar Community. In ba ka san inda take ba, buɗe fayil ɗin UserCfg.opt da Notepad, layin InstalledPackagesPath da ke can ƙasa zai nuna maka. Kuskuren da ya fi yawa shi ne folda a cikin folda. Idan ka buɗe foldar jirgin a cikin Community, dole ka ga manifest.json da layout.json nan take. In wata folda ka gani a maimakonsu, fito da ta cikin. Wani lokaci kuma Windows yana ƙin kwafe wasu fayiloli saboda adireshin ya wuce haruffa 260; maganinsa shi ne a mayar da Community kusa da tushen faifai. A X-Plane, foldar jirgin tana shiga Aircraft, kuma in wani abu ya ƙi, fayil ɗin Log.txt zai faɗi dalili.

Jirgi ɗaya ake shigarwa a lokaci guda, a gwada, sannan a ƙara wani. In wasan ya fara rufe kansa, kwashe komai daga Community, ka riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Sau da yawa tsohon fenti ne ko gyaran na'urar GPS da ya yi karo da sabon.

Kafin ka tashi, shiga saitin taimako ka kashe taimakon jela, daidaita cakuɗin mai ta atomatik, da tirim na atomatik (tirim shi ne saitin da ke sa jirgi ya riƙe matsayin hancinsa ba sai kana jan sanda ba). In suna kunne suna faɗa da lissafin jirgin, kai kuma ka ɗauka jirgin ne ba shi da kyau. Duba kuma kada abu ɗaya ya hau kan na'ura biyu, misali totur a jikin sanda da kuma a akwatin liba. Alamarsa liba ta riƙa tsalle da kanta. Bar wa tsakiyar sanda ɗan sarari marar motsi, kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari.

Gwajin littafi

Nan ne gaskiyar jirgi take fitowa. Mu ɗauki Cessna 172S a matsayin misali, domin lambobinta sanannu ne. Kowane jirgi ka saya, haka za ka yi da nasa littafin. Injinta Lycoming IO-360 ne mai ƙarfin doki 180, mafi girman nauyin tashinta fam 2,550, fetur ɗin da ake iya amfani da shi galan 53.

Saita yanayi da hannu: babu iska, zafi digiri 15, matsin iska 1013. Cika nauyi zuwa 2,550. Filin Accra tsayinsa ƙafa 205 ne kacal sama da teku, don haka ya dace da wannan gwajin. Taka birki, kai injin RPM 1,800, ka juya makulli zuwa magneto ɗaya (na'urar da ke ba fulogi wuta; biyu ne a injin), ka dawo, ka juya zuwa ɗayan. RPM ya sauka kaɗan a kowanne, kar ya wuce 150, bambancin tsakaninsu kar ya wuce 50. In allurar ba ta motsa ko kaɗan ba, makullin ado ne. Buɗe totur gaba ɗaya da birki a take: ka ga tsakanin 2,300 da 2,400.

Saki birki. Jirgin ya ja hagu, har sai ka danna jela dama kafin ya miƙe. Iskar farfela da ke naɗe jikin jirgi tana bugun jela, ga kuma murɗawar injin. Jirgin da ya tafi sambal ba tare da ka taɓa komai ba, ko dai taimako na kunne ko lissafinsa na da rauni. Ɗaga hanci a not 55 (not shi ne mil ɗaya na teku a awa), ka hau a not 74. Littafi ya ce wajen ƙafa 730 a minti. Bambancin kashi goma ba abin damuwa ba ne. 1,100 kuwa ƙarya ce. A ƙafa 3,000, rage totur gaba ɗaya, ka riƙe tsayi kana jan hanci a hankali. Ba filaf (ɓangaren bayan fiffike da ake saukarwa don tashi a hankali), fiffike ya daina ɗauka a wajen not 48. Da cikakken filaf, wajen 40. Ƙahon gargaɗi ya yi kuka kafin nan, hanci ya faɗi, kuma in ka sassauta sanda jirgin ya farfaɗo. Sannan ka gwada lilo da inji a kwance a not 68, ka gyara tirim har ka saki sanda jirgin ya riƙe gudun da kansa.

Yanzu mayar da zafin zuwa na garinmu, digiri 32. Iska mai zafi ba ta da kauri, kuma ƙa'idar da matuƙa ke amfani da ita ita ce ƙarin ƙafa 120 a kan kowane digiri da ya haura ma'auni. Ke nan a Accra jirgin zai ji kamar yana ƙafa 2,200 da wani abu. A Kumasi, DGSI, mai tsayin ƙafa 942, da zafi 33, zai ji kamar ya haura 3,300. Dole gudun titi ya ƙaru, hawa ya ragu zuwa ƙasa da 700 a minti. In lambobin ba su sauya ba tsakanin digiri 15 da 32, jirgin bai san zafi ba, kuma mu da zafi muke tashi kullum.

Nauyi ma gwaji ne. Galan ɗaya na fetur ɗin jirgi fam 6 ne, don haka cikakken tanki fam 318. Abin da ya rage wa mutane da kaya wajen kilo 250 ne. Kujeru huɗu ne, amma manya huɗu da cikakken tanki sun yi yawa. Zuba su a wasan ka gani: jirgi na gari zai ja titi, ya hau da ƙyar, hancinsa ya yi sauƙin ɗagawa saboda nauyin ya koma baya.

Ga jirgi mai kafireto, kamar 152 ko Warrior ko Comanche, akwai ƙarin gwaji da ya shafe mu kai tsaye. Fetur yana sanyaya maƙogwaron kafireto yayin da yake zama tururi, har ƙanƙara ta iya taruwa a ciki ko da a waje ana zafi, matuƙar akwai laima a iska, kuma Accra ba ta rasa laima. A 152 da Warrior alamar ita ce RPM ya riƙa raguwa a hankali. A Comanche, matsin iskar injin ne ke sauka. Ja maɓallin ɗumin kafireto: a jirgi mai tsayayyar farfela RPM ya ɗan faɗi nan take, domin iska mai ɗumi ce ke shiga. In akwai ƙanƙara, injin zai yi tari kaɗan sannan ya dawo da ƙarfi. Kar ka mayar da maɓallin saboda tarin, ruwan ƙanƙarar ne yake wucewa.

Tafiya ta farko

Bayan gwajin, ɗauki jirgin daga Accra zuwa Kumasi. Nisan wajen mil 108 ne na teku, hanci a wajen digiri 310, kusan awa ɗaya a 172, minti arba'in da biyar a Comanche. Iska a Accra galibi daga kudu maso yamma take, don haka titi na 21 za ka tashi, ka juya dama. Hau ƙafa 4,500 ko 6,500. Da ka daidaita, ja jar liba a hankali har RPM ya kai ƙololuwa ya fara sauka, sannan ka mayar da ita kaɗan ciki. Agogon shan mai ya ragu, na zafin hayaƙi ya hau. Rubuta fetur ɗin da ka tashi da shi. A 172, galan 8 zuwa 10 a awa ake tsammani, ka kwatanta bayan ka sauka. Tafkin Bosomtwe, mai siffar da'ira, zai bayyana kudu maso gabas da Kumasi, nan ne wurin fara saukowa a ƙafa 500 a minti, kana mayar da jar liba ciki sannu a hankali.

In abin da ka rubuta a takarda tun farko nisa ne, gwada Accra zuwa Tamale, DGLE, wajen mil 240. A 152 tafiyar ta doshi awa biyu da rabi kuma lissafin fetur ya fara matsewa. A Arrow ko Comanche ba ta kai awa biyu ba. Saita hazon hunturu, ka rage nisan gani zuwa kilomita uku, ka kashe GPS, ka bar Accra a kan na'urar VOR, mai nuna hanya ta siginar rediyo daga ƙasa, kana riƙe da agogo da kamfas. A nan za ka san ko rediyoyin jirgin da ka saya suna aiki da gaske, ko allurar kamfas ɗin gyaro tana zamewa har sai ka daidaita ta kowane minti goma sha biyar kamar ta gaske, kuma ko fitilun agogunan suna karantuwa idan magariba ta riske ka kafin ka isa.